Daminar da Na Ɗaga Dokin Ƙofar Inna

Bana ruwa ya ƙi ɗaukewa. Tun da watan Agusta ya kama ba mu samu rana ta yini guda cikakke a Suleja ba, shanya sai a fitar a shigar, a fitar a shigar, har kaya su gaji su fara wari. Shekaranjiya da hantsi 'yata Ummi ta zo gaishe ni, ta miƙo mini wayarta wai in ga ɓarnar da ruwa ya yi a unguwannin gangare. Na ɗan leƙa. Rufin kwano yana tafiya a kan ruwa, wata mata tana tsaye a kan katanga tana ihu, shi kuma mai ɗaukar hoton ba abin da yake yi sai salati da maimaita "ku ga ruwa, ku ga ruwa". Na mayar mata da abarta na ce ta kashe.

"Mama, har yanzu?" in ji ta.

Na ce mata har yanzu. Shekara goma sha tara ke nan, kuma yau gidanmu a kan tudu yake a Bagama, inda ruwa sai dai ya gaishe mu ya wuce. Amma da zarar hadari ya haɗo daga gabas sai in bi ɗaki ɗaki ina ƙirga mutanen gida. Yara dariya suke yi mini. Su yi ta yi, ba su san daminar da ta mayar da ni haka ba.

Mu ba 'yan garin nan ba ne. Daga Malumfashi muka zo, lokacin da maigidana, Baban Ummi, ya samu aikin tuƙi a wani ofis a Abuja. Haya a Abuja ba ta talaka ba ce, sai ya yi abin da kowa ke yi, ya nemi ɗaki a Suleja. Ya samu ciki da falo a wani gida mai ɗaki takwas a gangaren rafi, da araha, har yana yi mini alfahari wai ya iya ciniki. A watan Maris muka tare, ana tsakiyar zafi. Rafin da ake faɗa kuwa, da na leƙa bayan gida na gan shi sai da na yi dariya. Ɗan siririn ruwa ne kore yana bin tsakanin leda da yashi, akuya ma tsallake shi take yi ba ta jiƙa ƙafa. An ɗora masa 'yar gadar katako da ake bi a hau tudun tsallake, wajen injin niƙa da 'yan tireda. Mu da muka taso inda ake fita filin Idi roƙon ruwa, ina muka san ba a kama gida da rani a garin nan?

Wadda ta fara gaya mini gaskiya Ladi ce, wata Bagwariya mai kawo mana itace daga ƙauyensu. Doguwa ce mai ƙashi, tana ɗauko dami a kafaɗa irin ɗaukar matansu, damin da ni ko ja ba zan iya ba. Hausarta irin ta mutanensu ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Ranar farko da ta sauke mini itace ta tsaya ta kalli gidan, ta kalli rafin, ta ce, "Maman Ummi, nan ba wurin gida ba ne fa. Nan babana yana shuka rake. Hanyan ruwa ne, in ya tashi zai zo ya bi hanyanshi." Na ce mata Allah ya kiyaye, na sallame ta. A raina na ce wai yau mai itace ce za ta koya wa magina aikinsu.

Daminar farko ta fara buɗe mana ido. Ruwan Suleja ba irin namu ba ne da zai zuba ya ɗauke a koma gona. Yakan yini, ya huta kaɗan, ya dawo. Ƙasa ta sha ta ƙoshi har ta fara mayarwa: siminti yana gumi, bango yana fitar da kore, takalmin da aka manta ƙarƙashin gado sati ɗaya sai ya yi gashi. Gishiri ya narke a roba. Ashana ta ƙi kamawa sai an ɗumama ta a hammata. Itace jiƙaƙƙe, a hura a hura, hayaƙi ya cika ido, abincin rana ya koma na la'asar. Ga tsada, don lokacin tsohon hatsi ya ƙare sabo bai shigo ba. Gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa su ke riƙe yara kafin a sauke tukunya.

In an yi ruwa mai ƙarfi rafin yakan cika ya leƙo tsakar gida har idon sawu. Maza duk sun tafi Abuja tun bayan sallar asuba, gida ya zama na mata. Sai mu fito da tsintsiya da roba da faranti mu yi layi, wannan ta kwasa ta miƙa, waccan ta watsa a kwata. A gidan haya kowa da sunan ɗanta ake kiranta, sai ka ji ana ta "Maman Bose, miƙo bokiti!", "Maman Ummi, taho nan ya fi yawa!" Maman Bose Bayarabiya ce, ɗakinta yana jikin nawa, tana sayar da kayan miya a Madalla. Ita ke ba mu dariya, tana kwasar ruwa tana yi wa mai gidan hayar tsiya tana faɗin, "Wannan lanlod, walahi Allah zai tambaye shi!" Ranar Lahadi kuma maza su cika tsofaffin buhunan siminti da yashi su jera a bayan katanga. Mun ɗauka iyakar abin ke nan, kuma mun iya da shi.

A nan na koyi dabarar unguwar. Kowane ɗaki za ka ga an ɗaga masa dokin ƙofa da bulo an shafe da siminti, yadda ko tsakar gida ta cika ruwa ba zai shiga ɗaki ba. Mai shiga ya ɗaga ƙafa ya tsallaka, mai fita ma haka. In ruwan bana ya taɓa bakin bulon, baɗi a ƙara layi. Da dokin ƙofa ake gane wanda ya daɗe a unguwar: sabon zuwa layi ɗaya, tsohon zama kuwa har ɗan mataki yake sawa ciki da waje. Shekarar farko muka sa ɗaya. Ta biyu ruwa ya haura ya jiƙa mini ledar ɗaki da buhun gari, muka ƙara na biyu.

A shekara ta uku na ɗauko Inna, mahaifiyata. Ciwon gwiwa ya kwantar da ita a gida, ƙafafu sun kumbura, daga tabarma zuwa bakin ƙofa sai da sanda. Ƙanena bai so ba, ya ce a bar tsohuwa a ɗakinta. Ni na dage, na ce nan akwai asibiti kusa, kuma ni ce mace, ni zan iya da jinyarta. Na ba ta falo, kusa da ƙofa, don ta riƙa ganin haske da mutane. Da bulo layi biyu, in ta dafa kafaɗata ta ciji leɓe, takan iya tsallakawa ta zauna a baranda ta sha hantsi.

Sai ga wani ruwa a farkon Agusta da ya zo daidai da bakin bulon, har ya ɗan zubo ya taɓa gefen katifarta. Hankalina ya tashi. Washegari ko Baban Ummi ban jira ba, na kira birkila na ce ya ƙara layi na uku. Inna tana zaune da carbi a hannu tana kallonsa yana shafe siminti. Da ya tafi ta ce:

"Ke, wannan katanga kika yi ko ƙofa?"

"Inna, don kada ruwa ya taɓa ki ne."

"To ruwa ba zai shigo ba. Ni kuma ta ina zan fita?"

"Ai ina nan. Ina zan je?"

Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, "Kin dai sa ni a rijiya," tana murmushi, ni ma na yi dariya. Bulon ya kai mini cinya. Daga ranar fitar Inna ta zama aikin mutum biyu: ni in kama ta hammata, Maman Bose ta kama ƙafafu, mu tsallakar da ita da safe, mu mayar da ita kafin magariba. Baban Ummi ya taɓa cewa zai sa hannu, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ko mutuwa za ta yi suruki ba zai ɗauke ta ba. Ran da Maman Bose ta yi sammakon kasuwa kuwa, Inna a ɗaki take yini.

Ranar da abin ya faru irin wannan rana ce, wata Talata. Kwana uku ana yayyafi ba tsayawa, sai gari ya waye da ɗan haske. Baban Ummi ya tafi aiki, Ummi ta tafi Islamiyya can cikin gari, Maman Bose ta tafi Madalla. Garin tuwo ya ƙare. Na dama wa Inna koko, na ajiye mata buta da ruwan sha kusa da hannu, na ɗauki masarata a roba.

"Inna, zan je niƙa in dawo, yanzun nan."

"Ke, dubi gabas fa."

"Kafin ya sauko na dawo."

Na bi ta gadar katako, ruwan yana wucewa a ƙarƙashinta ja, amma da sauran rata. Na hau tudu na tarar da dogon layi a wajen injin, saboda kwana uku ba wanda ya fito. Saura mutum biyu a gabana gari ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka cure a rumfar mai injin, mu goma sha wani abu. Ƙarar ruwa a kan kwano har ta danne ƙarar injin.

Abin da ban yafe wa kaina ba shi ne wannan: a rumfar nan hankalina a kwance yake. Wata mata tana ta kukan ta bar ɗakinta da bulo layi ɗaya, ni kuwa har da ba ta shawara, ina cewa ni uku na sa, ko rafin ya haukace Inna tana nan a bushe. Da a lokacin na ruga, da gadar tana nan. Na zauna ina gadin gari kada ya jiƙe, har aka kira azahar ruwa bai sassauta ba.

Sai muka ji wata ƙara da ba ta ruwan sama ba. Daga ƙasa take zuwa, kamar tirela tana saukowa gangare ba birki. Mai injin ya kashe injinsa. Wani mutum ya taho a guje ba takalmi yana cewa, "Rafi ya ɓalle! Gada ta tafi!" Ban san inda na jefar da robar garin ba.

Da na iso gangaren ban gane wurin ba. Babu rafi, babu gada, babu hanyar da na bi da safe. Ruwa ne ja mai kauri daga gindin tudun nan har gindin wancan, yana gudu yana juyawa, yana warin masai. Yana tafe da katifu, da jarkoki, da firji, da akuya ƙafafu sama, da ƙofar wani har da labulenta. Na hango gidanmu a tsallake. Katangar baya da buhunan yashin maza babu su. Ruwa ya kai rabin tagar falo, tagar da aka yi wa ƙarafuna saboda ɓarayi. Na san inda katifar Inna take daga tagar nan, na kuma san tsayin Inna. Na tsaya ina auna su a raina.

Na yar da mayafi na nufi ruwan. Wasu mata biyu suka riƙe ni, na ciji ɗaya a hannu, har yau ban san ko wace ce ba balle in nemi gafararta. Ina ta ihu, "Inna! Inna!" ni kaina ba na jin muryata. Wani dattijo ya ce, "Baiwar Allah, in kin shiga gawa biyu za a nema. Ki bi ta babbar gada." Na bi, ina gudu ina faɗuwa a laka. Babbar gadar kan kwalta ma ruwa ya hau kanta, motoci sun yi layi har ba a ganin ƙarshensu, an tare hanya ba mai wucewa. Ba kwale-kwale, ba igiya, ba wani mai kaki da ya san abin yi. Mutane ne kawai cirko-cirko a cikin ruwan sama, kowa da wanda ya bari a tsallake. Wani mai shago ya ara mini waya na kira Baban Ummi, ya ce suna tsaye a Madalla, hanya ta toshe. Ya tambaye ni Inna. Na miƙa wa mai shagon wayarsa.

A nan na tsaya har la'asar. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwar ba, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya ji. Ina ganinta a raina tana jan jiki zuwa ƙofa, tana dafa bulon nan da na sa, tana ƙoƙarin ɗaga ƙafa. Sai in runtse ido, in buɗe, in sake ganinta. Addu'a ma ta kuɓuce mini, in na fara ba na kai ƙarshenta.

Da ruwa ya ɗan janye daga kan gadar, maza suka kama hannun juna suka yi sarƙa, muka bi jikinsu muka tsallaka, ruwa a ƙugu yana fizgar zane. Na zagayo ta tudun unguwarmu ina tambayar duk wanda na gani. Wani ya ce ya ga an fito da tsohuwa, wani ya ce a'a, ta gidan gaba ce. Sai na ji an ce "Maman Ummi!" daga sama. Wani kangon bene ne da ba a gama ba, mutane sun cika shi. Ladi ce ke ɗago mini hannu.

Inna tana kwance a kan siminti, an lulluɓa mata buhu. Da ranta. Leɓunanta sun yi fari, jikinta yana ta kaɗawa. Na faɗi a kanta ina kuka. Ta buɗe ido ta dube ni, ta ce, "Ke, ina garin?"

Ashe Ladi ta kawo itace unguwar ne ruwa ya tsare ta a barandar wani shago. Da katanga ta faɗi matan gidanmu kowa ta suri 'ya'yanta ta yi tudu, kuma ban ga laifinsu ba, sun ɗauka ina ciki tare da Inna. Bulon ya yi aikinsa. Ya tare ruwa har tsakar gida ta cika, sannan ruwan ya haura ya zuba cikin ɗakin gaba ɗaya, da ya shiga kuma ba shi da hanyar fita. Ladi ta kutsa gidan ruwa yana kai mata ƙirji. Ta tarar da Inna a tsaye ta riƙe ƙarfen taga da hannu biyu, matar da ba ta iya miƙewa sai da sanda. Ta sunkuya ta ɗora ta a kafaɗa yadda take ɗora dami, ta laluba bulon da ƙafa ta tsallaka. Da nake yi mata godiya sai ta ce, "Ai bai kai itace nauyi ba."

Kafin magariba aka kwashe mu zuwa wata makarantar firamare a kan tudu, da yake ana hutu. Can Baban Ummi ya same mu, ya biya ya ɗauko Ummi. Mata da yara a cikin azuzuwa, maza a baranda. Tagogin ba su da murfi, iskar damina tana shiga ta nan ta fita ta can. Abin da ke jikinmu shi ne abin da muka mallaka, shi ma jiƙaƙƙe. Washegari da muka leƙa gidan, ruwa da laka suna kwance a ɗakin a bayan bulon, sun ƙi fita sai da Baban Ummi ya fasa shi da guduma. Ba mu tsira da komai ba sai tukunya ɗaya da ta maƙale ƙarƙashin gado.

Mutanen gari sun yi abin da za su iya. Tsofaffin gidajen cikin gari suka riƙa aiko da ƙwaryar tuwo da zannuwa, masallatai suka yi yekuwa, wani coci ya kawo buhun garin rogo, wani mai burodi yana zuwa kullum da safe. Amma mun yi yawa. Tukunya ɗaya ake ɗorawa a bayan aji, karyayyun bencina ne itacenmu, a raba wa yara tukuna, abin da ya rage manya su lasa. Rijiyoyin unguwa duk masai ya shiga cikinsu. Kwana biyu yara suka fara gudawa. Duk wanda ya ji cikinsa ya juya sai ido ya fito, ana tsoron ko furta sunan cutar.

Inna kuwa tari ta fara. Da farko ƙasa-ƙasa, sai zazzaɓi, sai numfashi yana fita da ƙara, in ta ja shi ta dafe haƙarƙari. Abin da take bukata ba shi da yawa: bargo, da katifar da za ta raba ta da siminti, da mai allura ya riƙa duba ta. Na shimfiɗa mata kwali, na rufa mata zanen da aka ba ni da na Maman Bose. Muka kai ta asibiti a motar wani maƙwabci, muka tarar an cika har ƙasa da waɗanda gini ya faɗa wa. Aka rubuta mana magani aka ce mu koma, a kula kada ta sha sanyi. Muka dawo da ita ajin da tagoginsa ba murfi.

Masu rubuta suna sun zo, ba sau ɗaya ba. Rana ta biyu wasu suka zo da manyan motoci, suka zagaya ana riƙe musu lema, suka ce a yi haƙuri taimako yana hanya. Rana ta huɗu wasu daban suka zo da littafi, suka sake tambayar mutum nawa ne, me aka rasa. Na ce da ɗayansu, "Ranka ya daɗe, bargo ɗaya kawai, tsohuwa ce ba lafiya." Ya ce, "Hajiya, sai an kammala tantancewa. Ba a raba kaya haka kawai." Ya rubuta wani abu ya wuce. Duk motar da ta tsaya a bakin makarantar sai mu miƙe, in ta wuce mu zauna. In hadari ya haɗo kuma ajin ya yi tsit, yara su maƙale a jikin iyaye, kowa ya kasa kunne ko za a sake jin ƙarar nan.

Inna ba ta taɓa yi mini maganar bulon ba. Na so ta yi, ko zagi ne. Ran nan ina shafa mata man zafi a ƙirji na ce, "Inna, ki yafe mini, ni na rufe ki." Ta ɗaga hannu da ƙyar ta ce, "Ke, rufe mini ƙafa, sanyi." Iyakar amsar da na samu ke nan.

Ran kwana na shida da hantsi rana ta fito sosai a karo na farko. Na ce bari in fitar da ita ta ji ɗumi. Ni da Maman Bose muka kama ta yadda muka saba, ni hammata ita ƙafafu, sai muka ji jikin ya saki. A hannunmu ta cika, kafin mu kai ga ranar.

Kayan taimakon sun iso bayan mun yi addu'ar uku. Shinkafa, da katifu, da barguna masu kyau masu laushi. Aka ba mu namu, na karɓa, don lokacin Ummi ma ta fara tari. Yanzu an ce abin ya ɗan canza, ana gargaɗi a rediyo tun kafin damina, hoto yana zagaya duniya kafin ruwa ya janye. Amma Ummi ta ce waɗanda ruwan bana ya kora suna wata makaranta, kwanansu huɗu, an zo an rubuta sunayensu. Jiya na haɗa barguna biyu da zannuwa na ba ta ta kai, na ce kada ta ba mai littafi, ta shiga ajin da kanta ta nemi tsohuwar da ta fi kowa tari. Gangaren nan kuwa an sake gina shi tsaf, har ya fi da cika. In ka bi ta wurin za ka ga dokin ƙofa layi uku, wani ma huɗu.

Saura abu ɗaya, wanda ban cika faɗa wa mutane ba. Ranar addu'ar bakwai Ladi ta zo gaisuwa, a gidan wani ɗan garinmu da ya ara mana ɗaki. Ta kawo doya biyu da ƙullin gyaɗa. Ta zauna a gefen tabarma ta yi ta'aziyya, sannan ta ce:

"Maman Ummi, ina so in yi tambaya. Wane ne Hadiza?"

Na ce, "A ina kika ji sunan nan?"

"Wurin Mama. Ai ihunshi ne ya sa na shiga, ni na ɗauka gidan ba kowa. Sai ina ji ana kira, Hadiza, Hadiza, da ƙarfi, har ya fi ƙaran ruwa. Na ɗauke shi ma bai daina ba, har muka hau bene. Na ce ko wani ne ya rage a ɗakin in koma. Ya ƙi gaya mini. Abin yana damuna."

Ni ce Hadiza. Ni ce 'yar farin Inna, kuma a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce. Shekara talatin da huɗu ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ko ranar da aka kai ni ɗakin miji, ko ranar da na kusa tafiya wajen haihuwar Ummi. Sau ɗaya ta ajiye kunyar ta kira ni da iyakar ƙarfinta, ni kuma ina tsallaken rafi ban ji ba.

Ladi tana jiran amsa. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ba wanda ya rage a ɗakin. Sannan na matsa kusa da ita na ce, "Ladi, don Allah, yaya ta faɗe shi? Faɗa mini yadda ta kira."

Ta dube ni, sai ta gyara murya ta faɗa. Na ce ta sake.